Ranar da Baba Ya Yi Mini Tafinta

Ƙarfe tara da kwata saƙon Malama Asiya ya shigo wayata. "Sojoji sun rufe hanya bayan mun fito Gusau. An ce an ga wasu sun tsallaka titi da safe. Babu motar da ke wucewa. Ki roƙe su su bar ki a ƙarshe."

Na karanta sau biyu, na kife wayar a cinyata. Mu goma sha ɗaya ne jere a kan benci a barandar wani kamfanin irin shuka da ke bakin garin Bungudu, mutum ɗaya kuma ake nema, mai gwajin iri a ɗakin bincike. Goma daga cikinmu sun zo da kunnuwansu da bakinsu. Ni nawa suna cikin motar haya, a jikin wata mata mai tabarau, ga shi an tare su a hanya.

Sunana Saude, daga 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe. Sanƙarau ya tafi da jina ina shekara shida, magana kuma ta bi shi a hankali har ta ɓace. A ce mini kurma ban damu ba, haka nake. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a karkatar da kai gefe a ce "baiwar Allah", ana kallona kamar an ga akuya mai karyayyar ƙafa. Na yi makarantar kurame a Gusau, na shiga jami'a, na karanta kimiyyar tsirrai, na fita ta biyu a ajinmu. Wanda ya zo na tara yana zaune kusa da ni a bencin, yana ta gyara wuyan rigarsa.

Malama Asiya ita ce ke riƙe da ofishin tallafa wa ɗalibai masu buƙata ta musamman a jami'armu. Sunan ya fi ofishin girma, don ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, da tebur ɗaya da fankar da ba ta juyawa sai an tura ta da sanda. Amma nan muke zuwa, makafi da kurame da masu keken guragu da masu galahanga, idan karatu ya zo ƙarshe, tsoron neman aiki ya fara cin mutum. Ita ke gyara mana takardun neman aiki, ita ke rubuta wa kamfanoni, ita kaɗai ce kuma ta iya yaren hannu sosai a duk jami'ar. Sau biyu ta rubuta wa kamfanin nan kafin su yarda in zo da tafinta, wato ita kanta.

Sati uku muka yi muna gwajin intabiyu. Anas take sawa ya zama shugaban kwamiti, wani ɗalibin kwamfuta mai galahanga wanda bai iya kwana-kwana ba. In amsarka ba ta yi ba zai gaya maka ba ta yi ba, ya kuma gaya maka a minti na nawa ya gaji da kai. Shi ya sa na rage tsawon amsoshina da rabi. Malama Asiya kuwa abu ɗaya take maimaitawa har na haddace motsin hannunta: aiki kika je nema, ba taimako ba, kada ki bari wani ya amsa tambayar da aka yi miki.

Baba ne ya rako ni, domin hanyar Tsafe a shekarun nan ba wadda ake sakin 'ya mace ita kaɗai ba ce. Mun kwana a Furfuri wajen ƙanwarsa Inna Delu don kada mu makara. Yanzu yana can ƙarshen baranda, ya ƙi benci, ya zauna a kan takalmansa yana jan carbi. Malam Jatau manomi ne, dogo, mai ƙarancin magana, ni kuma 'yarsa ce ta fari. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Bai taɓa kiran sunana ba. Bai taɓa cin abinci inda nake ba. In yana da saƙo gare ni, ta wajen mahaifiyata yake biyowa. Yaren da ke tsakanina da shi bai wuce alama talatin ba, irin ta gida: zo, tafi, ci, ruwa, salla, mene ne, bari. Ba ƙi ba ne, kunya ce. Shi ya yi ta jigilata zuwa Gusau shekara goma sha shida, rani da damina, ban taɓa ganin gajiya a fuskarsa ba.

Na yagi takarda na rubuta wa sakatariyar kamfanin cewa tafintata na hanya, a bar ni a ƙarshe, ko a yi mini tambayoyin a rubuce. Ta shiga da ita. Ba ta yi minti biyu ba ta fito, bayanta wani mutum mai jiki cikin babbar riga ruwan toka. Shi ne Alhaji Mu'azu, manajan kamfanin. Gashin bakinsa ya rufe leɓensa na sama, ga goro yana tauna, irin bakin da karanta shi ke sa ni ciwon kai. Na dai tsinci abin da na tsinta. Sunana ne na uku, ba zai birkita jeri ba. Rubutu kuma zai ci lokaci, yana da tafiya da azahar. Sai sakatariyar ta nuna masa ƙarshen baranda da haɓarta.

Fuskarsa ta washe. Wannan kam na karanta tsaf, don ya buɗe baki sosai.

"To ai shi ke nan. Ga mahaifinta nan, wa zai fi shi sanin maganarta?"

Na girgiza kai, na girgiza hannuwa biyu. Ya ɗauka kunya nake ji. Ya yi dariya, ya tafi da kansa ya ranƙwafa ya gai da Baba, ya riƙo hannunsa. Mutanen benci duk suka yi murmushi, an ga abin kirki. Na kira Malama Asiya ta bidiyo, fuskarta ta fito, ta ɗaga hannu za ta ce wani abu, hoton ya daskare a haka. Ina cikin sake kira aka taɓa kafaɗata.

Mutum uku ne a bayan teburin. Alhaji Mu'azu a tsakiya. A damarsa wata siririyar mata mai farar rigar aiki, an rubuta Dakta Balkisu a ƙirjinta, ita ce shugabar ɗakin binciken. Na ukun wani ne da bai ɗaga ido daga wayarsa ba tun shigarmu har fitarmu. Baba ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya nemi ya zauna ƙasa, sai da Alhaji ya rantse masa sannan ya ɗosana a gefen kujera. Aka shiga gaisuwa. Aka tambayi mutan 'Yankuzo, aka tambayi damina, aka jajanta halin da ake ciki. Har suka gano Alhaji ya taɓa sayen wake a hannun wani ɗan'uwan Baba. Ni ina zaune da fayil ɗina a cinya kamar rediyon da aka kawo gyara.

Daga ƙarshe Alhaji ya nuna ni da biro, ya yi magana. Baba ya juyo, bai kai idonsa fuskata ba, ya nuna ni, ya buɗe tafin hannunsa. Mene ne? Na san tambayar farko ce, in gabatar da kaina. Na bar yaren makaranta, na sauko da shi ƙasa yadda ko yaro zai gane. Littafi. Shekara huɗu. Iri a tafin hannu, ido a kansa. Yatsu biyu, ta biyu a aji. Baba ya kalli hannuwana na ɗan lokaci, ya juya gare su. Bakin Baba ba ya ɓoye mini, na fi shekara goma sha bakwai ina karanta shi daga nesa.

"Ta ce ta gode ƙwarai da kunka kira ta."

Alhaji ya gyaɗa kai, ya ji daɗi.

Dakta Balkisu ta jingino gaba. Ita ta san abin da take yi, ni ta fuskanta, ta yi magana a hankali. Idan aka kawo miki buhun masara, ta yaya za ki san ko irin zai tsiro? Da zan iya dariya da na yi, don a kan wannan na rubuta aikina na ƙarshe. Na share wuri a kan teburin. Na nuna yadda ake ɗiba daga sama da tsakiya da ƙasan buhu. Na jera ƙwaya ɗari, kashi huɗu. Na jiƙa takarda, na naɗe, na ajiye. Na ƙirga kwana huɗu, na buɗe, na ƙirga kwana bakwai, na sake buɗewa, na ware masu lafiya gefe, masu naƙasasshen saiwa gefe. Na ga idon Dakta yana bin hannuna. Na ga Baba ma yana bi, kuma na rantse ya gane rabi, don manomi ne, ya san iri.

"Noma dai ta tashi ta iske shi gida," in ji shi. "Amma ba wani abu ta iya ba. Sai abin da kunka koya mata."

Kada wani ya zagi mahaifina, ni kaɗai ke da hurumin jin haushinsa. A wajenmu uban da ya buɗe baki ya yabi ɗansa na fari a gaban mutane ya zama abin dariya, a yi ta ba da labarinsa a majalisa har ya tsufa. Da 'yar maƙwabcinmu ce ke zaune a kujerar nan, da Baba ya yabe ta har la'asar. Ni ce dai ba zai iya ba. Ya kuma taso ya ga cewa idan talaka ya zo gaban mai hali neman wani abu, ƙasa yake yi da kansa, ya yi ƙasa da abin da ya kawo. Abin da ya sani ke nan, shi ya zo yi mini da zuciya ɗaya. Na san duk wannan a lokacin, kuma bai hana ni jin kamar in kife teburin ba.

Dakta ta ɗan yamutsa fuska. Ta buɗe baki, Alhaji ya riga ta. Daga nan ya daina nuna ni da biro ma, ya juya kujerarsa gaba ɗaya wajen Baba. Na tsinci "ɗakin bincike", na tsinci "injuna", na tsinci "haɗari". Yana tambayar Baba ne ko zan iya.

Baba ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwansa.

"Alhaji, lalura ta, daga Allah. Yarinyar ga ba ta ji, ba ta magana. Mu dai taimako munka zo nema. Ku dube ta don Allah, ko mi kunka samu, ko shara ta."

Sai na ga fuskar nan. Na san ta tun ina ƙarama, na gan ta a asibiti, na gan ta a tasha, na gan ta a wajen biki. Gira ta sauko, kai ya karkata, baki ya yi laushi. Ta sauka a kan Alhaji Mu'azu, har shi mai wayar ya ɗan saki kafaɗa. Idan mutum ya yi mini wannan fuskar, to ya gama da ni, duk abin da zai ba ni kuma sadaka ce.

Alhaji ya bubbuga biro a tebur. Sannan ya yi magana mai tsawo, yana yi yana nuna bayan ginin. Don in gane, ya kwatanta mini da hannu: ya kama bakin buhu, ya soka allura, ya ja zare. Ɗinkin buhu a sito. Akwai mata shida da ke yi, za a ƙara da ni ta bakwai, in fara ranar Litinin. Ya faɗa yana murmushi, mutumin kirki ne da ya yi abin kirki da safiyar Laraba.

Baba ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Mun karɓa, Alhaji. Mun gode. Allah shi saka da alheri, Allah shi jiƙan mahaifa."

Aka ɗaga hannu aka shafa. Alhaji ya rufe fayil ɗina, ya ɗora shi gefe, ya jawo na mutum na huɗu.

Ba zan yi ƙarya ba, na yi tunanin tashi in bi Baba. Aiki aiki ne. Rabin gonakinmu na 'Yankuzo shekara uku ba a shiga ba saboda 'yan bindiga, ina da ƙanne biyar a bayana, kuma na san kurame da digiri a Gusau da ke zaune a gida ko ɗinkin buhun ba su samu ba. Sannan mahaifina ya riga ya ce ya karɓa, an yi addu'a a kai. Wace irin 'ya ce za ta warware maganar ubanta yana durƙushe? Amma ta tagar da ke bayan Dakta ina hango ɗakin binciken, da farantan gwaji jere a kan kanta. Na ga kaina shekara goma ina wucewa ta gaban tagar nan da allura a hannu, ina gai da yaron nan mai gyaran wuyan riga.

Na buɗe littafina. Baba yana karatun allo, amma bai iya boko ba, don ƙarin tsaro ma da Turanci na rubuta. Na yi niyyar abin ya tsaya tsakanina da Dakta, mahaifina ya fita da mutuncinsa. Na rubuta layi huɗu, na yage, na tura mata.

Alhaji ya ɗora hannu a kan takardar tun tana tsakiyar tebur. Shi ne shugaba, komai ta gabansa yake bi. Ya karanta, murmushinsa ya tafi. Ya kalle ni, ya kalli Baba. A ganinsa rashin ɗa'a ne a yi maganar dattijo a ɓoye yana zaune a wurin. Ya cire goron daga bakinsa ya ajiye a kan murfin biro, don haka babu kalmar da ta kuɓuce mini.

"Malam Jatau, 'yarka ta yi rubutu, ya kamata ka ji. Ta ce abin da ka faɗa ba shi ne amsarta ba. Ta ce ba ka iya yaren hannu ba. Ta ce aikin ɗakin bincike ta zo nema, ba ɗinki ba. A yi mata tambaya a rubuce."

Baba yana tsakiyar miƙewa ne, hannu ɗaya a kan gwiwa. A haka ya tsaya. Ban taɓa ganin kunnen mutum baƙi ya canza launi ba sai ranar. Bai kalle ni ba, ƙafafunsa yake kallo, marasa takalmi a kan tayil ɗin mutane. Na so ƙasa ta buɗe. Na so in fizge takardar in haɗiye.

Dakta Balkisu ta fara magana da sauri, ta juya gefe, ban kama komai ba sai hannunta da ke nuna fayil ɗina. Alhaji ya ɗaga mata tafin hannu.

"Dakta, ni ba na ɗaukar yaron da zai ƙaryata ubansa a gaban mutane. Dattijo ya karɓa, mun shafa fatiha. In za a warware, shi zai warware da bakinsa. In ba haka ba, su tashi, da ɗinkin da binciken duk a bar shi."

Daga nan bakin kowa ya tsaya. Mutane na ɗauka kurma bai san shiru ba. Na san shi sarai, shi ne lokacin da babu leɓen da ke motsi, idanu kuma duk suka taru wuri ɗaya. Sun taru a kan mahaifina. Hanya mai sauƙi tana gabansa: ya ce yarinta ce, a yi haƙuri, ɗinkin ya ishe mu. Da ya faɗi haka da Alhaji ya huce, da kowa ya ce dattijo ya yi dattako. Ni ma da ban ƙara ɗaga hannu ba, ƙarfina ya ƙare a layi huɗun nan.

Ya ƙarasa miƙewa. Ya gyara hularsa, ko da yake ba ta karkace ba.

"Alhaji, gaskiya ta hwaɗi."

Ya fuskanci teburin sosai, ya ci gaba.

"Ban san abin da hannunta ka cewa ba. Abin da ni ga ya dace a ce, shi ni ce. Ba ita ta ƙaryata ni ba, ni na yi mata ƙarya. Na janye. Ku tambaye ta."

Ya juya, ya ɗauki takalmansa a hannu, bai tsaya sawa ba, ya fita.

Alhaji ya dawo da idonsa kaina. Sannan ya jawo takarda, ya yi rubutu da manyan baƙaƙe, ya turo mini. "Ɗinki ya fita. In ba ki ci wannan ba, babu komai. Kin yarda?" Na rubuta na yarda. Alƙalamin ya huda takardar.

Minti arba'in muka yi a gaban mutumin da ya ce rubutu zai ci lokaci. Dakta ta rubuta tambaya, in rubuta amsa, ta karanta, ta sake jefo wata tun ban ajiye biro ba. Ba ta tausaya mini ko kaɗan ba, na kuwa ji daɗin haka. Ta aika aka kawo faranti biyu na masarar da aka jiƙa kwana bakwai, ta ce in ƙirga. Na ƙirga na farko na samu casa'in da huɗu. Na biyun na ƙirga na rubuta tamanin da takwas, na miƙa, sai na ga ta ɗaga gira. Na janye takardar. Idona ne ya cika da ruwa, ina ganin komai biyu-biyu. Na goge da bakin hijabi, na sake bi ɗaya bayan ɗaya, na tsame guda goma da suka tsiro amma saiwarsu ta murɗe ta yi baƙi. Saba'in da takwas. Na ƙara a ƙasa cewa wannan buhun bai kamata a sayar wa manomi ba. Dakta ta tura wa Alhaji takardar.

Shi tambaya ɗaya ya ƙara. In wuta ta tashi, ko ana kiranki daga baya fa? Wannan mun yi ta da Malama Asiya har Anas ya ce ta ishe shi. Na rubuta: a kashe fitila a kunna, ko a taɓa kafaɗata, a kuma sa teburina ya fuskanci ƙofa. Ya karanta, ya mayar da goronsa baki, ya nuna mini hanya.

Saura mutum takwas, aka ce kowa ya jira sakamako. Na koma benci. Baba ba ya ƙarshen baranda. Na hango shi can wajen get, a gindin wata dalbejiya, ya ba kamfanin baya. Ya sa takalmansa. Sau uku ina miƙewa in je, ina komawa in zauna. In je in ce masa me, da wace alama cikin talatin ɗin nan? Babu "yi haƙuri" a cikinsu, ba mu taɓa buƙatarta ba. Idan kuma aka fito aka kira wani suna, na tozarta mahaifina a banza, na kuma jefar da aikin da ya durƙusa ya samo mini. Awa biyu da rabi na yi a haka. Aka kira azahar, na gane ne da na ga mazan benci sun tashi suna naɗe hannun riga.

Bayan salla Dakta Balkisu ta fito da kanta. Ta yi wa mutanen benci magana, suka fara tattara takardunsu. Ta zo gabana ta miƙo mini 'yar takarda. "Gwaji na wata uku. Litinin, ƙarfe takwas. Alhaji bai so ba, kada ki ba ni kunya." Na karanta, na jira in ji farin ciki, bai zo ba.

Ina fita get kabu-kabu ya tsaya da Malama Asiya, tabarau a karkace, jaka a rungume. An buɗe hanya. Tun kafin ta sauka hannunta ke tambayata. Na ba ta takardar, ta karanta, ta rungume ni, sannan ta ja baya ta dubi fuskata da kyau. Na gaya mata abin da ya faru a taƙaice. Ta kama hannuna muka nufi dalbejiyar.

Ta durƙusa ta gai da Baba, ni ma na durƙusa a ɗan nesa. Ta gaya masa an ɗauke ni. Ya ce alhamdu lillahi, yana kallon titi. Na ɗauka shi ke nan, zai tashi mu nemi mota, mu yi tafiyar nan har Tsafe kowa na kallon tagarsa. Sai ya yi wa Malama Asiya magana, ita kuma ta juyo ta mayar mini da hannu, kalma bayan kalma, yadda aikinta yake.

"Ya ce, abin da kika ce musu da farko, wanda bai faɗa ba, ki sake faɗa. Yana so ya ji."

Na fara a ɗarare, da gajerun amsoshin da Anas ya yanke mini. Ban san lokacin da na saki jiki ba. Na faɗi yadda na zauna a layin gaba shekara huɗu ina karanta bakin malamai, in dawo in kwafi littafin wasu. Na faɗi malamin da ya ce in koma sashen da ya fi sauƙi, da makin da na ci a darasinsa. Na faɗi cewa masarar da na yi aikina na ƙarshe a kanta daga rumbunsa na ɗebo, kuma ta fi ta kasuwa tsirowa. Hannuwana na gudu, bakin Malama Asiya na bin su. Baba bai kalli bakinta ba ko sau ɗaya, hannuwana yake kallo. Motocin Gusau biyu suka tsaya suka yi mana hon, na gani a fuskar direbobin, suka gaji suka wuce.

Na gama, na sauke hannuwana. Baba ya kawar da kai gefe, ya sa hannu ya kare bakinsa, ya yi magana. Ya san sarai yadda ake ɓoye mini zance. Malama Asiya ta dube shi, ta dube ni. Ita ba ta ɓoye wa kowa abin da aka faɗa a gabansa.

"Ya ce in gaya masa, dama haka kike da magana, ko yau ne kawai?"

"Kullum," na ce.

Ta faɗa masa. Ya gyaɗa kai a hankali, ya sake gyaɗawa, hannun nan yana kan bakinsa bai sauke ba.